Zumunci a Ƙafa Yake: Mu Dawo da Wasanmu Kan Tebur

Karatu: 2 Yohanna 12, Ibraniyawa 10:24-25, Luka 24:28-35



Mun san wannan rubutu ba zai yi wa kowa daɗi ba. A zaman kwamitin zumuntar matasa na ƙarshe mun yanke shawara cewa wasan labarin da muke yi a rubuce ta waya tun shekarar kulle zai dawo kan tebur, a ɗakin makarantar Lahadi, ido na ganin ido. Tun daga ranar ake ta gunaguni. Wasu daga cikinmu sun ce shugabanni sun tsufa tun ba su yi furfura ba. Wasu daga cikin iyayenmu kuma sun ce da ma mun binne wasan gaba ɗaya kowa ya huta. Ba mu son maganar ta ƙare a gindin bishiya bayan an tashi sujada, shi ya sa muka kawo ta fili. Matsayinmu shi ne: wanda yake gari ɗaya da 'yan'uwansa, ƙafarsa lafiya lau, amma ya zaɓi ya riƙa haɗuwa da su ta waya kawai, yana cutar kansa, yana kuma cutar ikkilisiya, ko da abin da ya haɗa su wasa ne.

Wane irin wasa ne?

Saboda iyaye da waɗanda suka shigo zumunta kwanan nan, bari mu bayyana. Mutum huɗu zuwa shida suna zama kewaye da tebur. Ɗaya shi ne jagora. Shi ke riƙe da labarin, shi ke faɗin inda ake da wanda aka tarar a hanya. Sauran kuwa kowa yana da mutum ɗaya da ya ɗauka a cikin labarin, an rubuta ƙarfinsa da rauninsa da kayan da yake ɗauke da su a takarda. Jagora zai ce, "Kun iso bakin kogi, gada ta karye, rana kuma ta kusa faɗuwa. Me za ku yi?" Wannan ya ce zai nemi kwalekwale, waccan ta ce a kwana a nan. Idan abin da mutum ya yi niyya yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙi, sai a jefa ɗan ludo, irin wanda yake da fuska 20, lambar da ta fito ta raba gardama. Ba a sa kuɗi, ba wanda yake cinye wani. Ko dai ayarin ya haye tare, ko ya nutse tare. Wanda ya taɓa zama gaban kaka ana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san rabin abin. Bambancin shi ne a nan masu sauraro su ma suna da baki a cikin labarin, kuma ko jagoran bai san inda za a ƙare ba.

Asalin wasan daga Amurka yake. Wanda ya fi shahara, Dungeons & Dragons, ya fito a 1974, aikin mutum biyu ne, Gary Gygax da Dave Arneson. Kwafi 1,000 aka fara bugawa, ƙananan littattafai uku a cikin kwali. Akwai wani abu a tarihinsa da muke so 'yan'uwanmu masu son waya su lura da shi. Arneson yana jihar Minesota, Gygax yana wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wiskonsin, kuma sun saba yin aiki tare ta wasiƙa. Amma a ƙarshen 1972, da Arneson ya so abokinsa ya gane sabon abin da ya ƙirƙiro, sai ya shiga mota ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ya zaunar da Gygax a tebur, ya ja masa labarin da bakinsa. Bayan wannan zama ne aka zauna rubuta dokokin da aka buga. Tun ranar haihuwarsa, wasan nan ɗan tebur ne.

Ga iyayenmu masu tsoro

Baba da Mama, ba mu raina tsoronku ba. Kiristoci da yawa a Amurka sun ji irinsa. Wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a 1982, ta ɗora laifin a kan wasan, ta kai ƙara kotu, ta kuma kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. Kotu ta kori ƙarar. A 1984 Jack Chick, mai buga ƙananan takardun bishara masu zane, ya fitar da guda ɗaya da ke cewa wasan ƙofa ce ta shiga tsafi. Matsin ya yi yawa har kamfanin ya cire sunayen aljanu da shaiɗanu daga bugun 1989. A wancan lokaci kuma wasu masu bi sun ɗauki wata hanya: a 1984 aka fitar da wasa mai suna DragonRaid, wanda a cikinsa sai ɗan wasa ya haddace ayar Littafi Mai Tsarki kafin ya fita daga wani haɗari.

Mu a nan mun san boka, mun san bori, mun san abin da tsafi ya yi wa gidaje. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana mutanen Allah duba da sihiri da tuntuɓar matattu, kuma ba mu da niyyar wasa da wannan doka. A teburinmu ba mai zama boka, ba mai kiran iska. Labaranmu mu ke ƙirƙirarsu: ayarin fatake da ya ɓata a daji, masu ginin garu a zamanin Nehemiya, masu bi da ke ɓoye wasiƙa a cikin buhun hatsi a daular Roma. Ma'auninmu Filibiyawa 4:8 ne.

Amma ku duba wannan da kyau, iyayenmu. Idan tsoronku shi ne abin da ake faɗa a cikin wasan, to tebur abokinku ne. Ƙofar ɗakin makarantar Lahadi a buɗe take, kowane dattijo yana iya jan kujera ya saurara. Wurin da ba wanda yake gani shi ne waya a ƙarƙashin bargo da ƙarfe ɗaya na dare. Idan kun hana tebur, wasan ba zai mutu ba, zai dai koma inda idonku ba ya kaiwa.

Yadda muka koma waya

A ƙarshen Maris 2020 annobar korona ta sa aka rufe majami'u. Ba sujada, ba koyon waƙa, ba zumunta. A lokacin ne muka mai da wasan zuwa rubutu: jagora ya rubuta abin da ya faru, kowa ya rubuta abin da mutuminsa zai yi a duk lokacin da ya samu dama. Ba mu ne muka fara irin wannan ba. Tun 1963 wani mutum a New York mai suna John Boardman ya fara tafiyar da wasan Diplomacy ta gidan waya, don mutanen da ba za su iya haɗuwa a ɗaki ɗaya ba. Mun gode wa Allah don wannan hanya. Ta riƙe mu a watannin da ba mu da wata.

Sai dai kulle ya ƙare, an buɗe majami'u, kasuwa ta cika, mu kuwa muka ci gaba da zama a waya shekara da shekaru. Sandar da aka ba mu don ƙafa ta karye, ƙafa ta warke, mun ƙi ajiye ta. Bari mu faɗi abin da wannan ya jawo mana, kowa ya gwada da abin da ya gani da idonsa.

Na farko, labaranmu sun daina ƙarewa. Abin da ake gamawa cikin minti ashirin a tebur yana cin mako biyu a rubuce, domin kowa yana jiran wani. Wannan wayarsa ba caji saboda an ɗauke wuta, waccan data ta ƙare mata, wancan ya karanta ya ce zai amsa anjima ya manta. Mutum ɗaya ya yi shiru, ayari duka ya tsaya a bakin kogi. Ku ƙirga da kanku: labari nawa muka fara tun 2020, nawa muka kai ƙarshensu?

Na biyu, wasan ya rasa iyaka. A tebur ana buɗewa da addu'a, ana rufewa da addu'a, kowa ya koma harkarsa. A waya ba a tashi. Mun ga 'yan'uwa suna rubuta yadda za su tsallake katanga a lokacin da Fasto yake wa'azi. Mun ga ɗalibai da jarrabawa a gabansu suna amsa jagora da tsakar dare. Abin da aka ce ya fi sauƙi don ba ya cin lokaci, shi ne ya cinye lokacin duka, kaɗan kaɗan, yadda gara take cin azara.

Na uku, mun daina koyon haƙuri da juna. A tebur dole ka jira mai in'ina ya gama maganarsa. Dole ka sha kaye a gaban mutane, a yi maka dariya, kai ma ka yi. Idan ka faɗi magana mai zafi, nan take za ka ga fuskar wanda ka soka, kunya ta kama ka. A rubuce ba fuska. Mun ga faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kalma ta jawo kalma, har wani ya danna ya fice, aka yi watanni ba ya gaisawa da ɗan'uwansa a majami'a. Ubangiji ya ce a Matiyu 18:15 idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je wurinsa. Tafiya ya ce a yi. Karin Magana 27:17 ta kwatanta abokai da ƙarfe mai wasa ƙarfe, kuma duk maƙeri ya san sai ƙarfen ya gogi ɗan'uwansa kafin kaifi ya fito.

Abin da ya farkar da mu

Na huɗu shi ne ya sa muka ce ya isa haka. Muna faɗinsa da izinin mai labarin, ba tare da sunansa ba.

Akwai ɗan'uwanmu da yake ɗaukar wani jarumin mai gadi a cikin labarin, ƙaƙƙarfa, mai barkwanci. Ba ranar da ba ya rubutu. Shi ke sa mu dariya, shi ke shiga gaba idan haɗari ya zo. Da muka daina ganinsa ranar Lahadi, wani ya tambaye shi a rubuce, ya amsa cewa aiki ne ya yi yawa, ya sa hoton fuska mai dariya. Muka ce to, madalla. A gaskiya an sallame shi daga aiki. Mai gida ya ba shi notis. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ba kuɗin magani, kunya kuma ta hana shi faɗa. Kusan wata biyu yana cikin wannan hali, kuma a duk tsawon lokacin muna "tare" da shi kowace rana. Daga majami'a zuwa ɗakinsa tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa.

Wadda ta gano shi wata uwa ce daga Zumuntar Mata, wadda ba ta san komai game da wasanmu ba, wayarta ma ƙarama ce mai maɓalli. Ta lura bencin da yake zama ya daɗe ba kowa, sai ta ɗauki mayafinta ta je gaishe shi. Da ta dawo ta tare mu a bakin ƙofa ta ce, "'Ya'yana, ku da kuke cewa kullum kuna tare da shi, ba ku ga ya rame ba?"

Ba mu da amsa. Ba mu ga ya rame ba domin ba mu gan shi ba. Jaruminsa muke gani, jarumin kuwa ba ya ramewa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Da a tebur muke, da mun ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da mun ga yadda ya kalli farantin gyaɗa. Da mun ji muryarsa ta canja. Ko da bai zo ba, kujerarsa za ta yi mana magana. Wasan da kowa yake sa fuskar wani yana buƙatar wurin da ake ganin fuskar gaskiya a bayanta. Idan aka cire wannan, abin da ya rage maɓoya ce mai kyau ƙwarai ga wanda yake nutsewa.

Hujjojin 'yan'uwanmu

Waɗanda ba su yarda da mu ba suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Za mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Sun ce kuɗin mota. Gaskiya ne. Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin keke da na acaɓa suka bi shi. Amma data ma ba kyauta ba ce. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Kowa ya lissafa abin da yake kashewa a data a wata, ya gwada da kuɗin keke sau biyu. Bayan haka, talauci bai taɓa zama dalilin da ikkilisiya ta daina taruwa ba. Masu bi na farko a Ayyukan Manzanni 2:44-46 gida gida suke bi suna cin abinci tare, mai abu yana taimakon marar abu. Idan kuɗin keke ne ya hana ɗan'uwa zuwa, mu haɗa masa. Wannan ma zai sa mu san wane ne a cikinmu ba shi da kuɗin keke, abin da waya ba za ta taɓa gaya mana ba.

Sun ce tsaro, musamman ga 'yan'uwa mata. Wannan ba abin gardama ba ne. Mun san abin da dare yake nufi a wasu unguwanninmu. Amsar ita ce a taru da rana, a tashi kafin duhu, maza su raka mata har ƙofar gida. Ba mu ce a daina zuwa koyon waƙa saboda tsaro ba, lokacin muka gyara.

Sun ce, "Ni mai kunya ne, na fi iya bayyana kaina a rubuce." Wannan hujja ce ta fi taɓa mu, domin wasu daga cikinmu haka muke. Mun ga 'yan'uwa da ba sa buɗe baki a taro suna rubuta abubuwa masu ban mamaki. Baiwa ce, kada a binne ta. Amma ɗan'uwa, 'yar'uwa, ranar da za a kira ka ganawar neman aiki ba za a ba ka minti talatin ka goge ka sake rubutawa ba. Ranar da za a ce ki ja addu'a a gaban jama'a, ko ka je gaban iyayen wadda kake so, da bakinka za ka yi. Musa ya gaya wa Allah cewa shi mai nauyin baki ne. A Fitowa 4:10-16 Allah bai ce masa to zauna a Madayana ka aika wa Fir'auna takarda ba. Ya ba shi Haruna ya tsaya kusa da shi, ya kuma aike shi. Tebur na mutum biyar masu ƙaunarka, inda kuskure abin dariya ne kawai, shi ne wuri mafi taushi da za ka koyi buɗe baki. Za mu zama maka Haruna.

Sun ce, "To waɗanda suke nesa fa?" Masu bautar ƙasa, ɗalibai a Zariya da Maiduguri, masu aiki a Legas, da marasa lafiya da ba sa iya fita. Don su ne aka yi wasiƙa, kuma ba za mu rufe musu ƙofa ba. Za a bar labari guda a rubuce dominsu. Amma muna roƙonsu su ma su nemi zumunta a inda suke, su zauna da mutanen da za su iya ganin ko sun rame. Abin da muke yaƙi da shi shi ne mutanen unguwa ɗaya su riƙa yi kamar teku ne ya raba su.

Takarda da tawada

Hujja ta ƙarshe ita ce wadda masu karatun Littafi suka kawo: ai rabin Sabon Alkawari wasiƙu ne, me ya sa za a raina rubutu?

Ba mu raina shi ba. Amma mu tambayi masu wasiƙun kansu. Manzo Yohanna, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu, ya ce yana da abubuwa da yawa da zai faɗa, amma ba ya so ya yi ta takarda da tawada. Yana sa zuciya ya zo su yi magana baki da baki domin farin cikinsu ya cika. Ya maimaita irin wannan a wasiƙarsa ta uku, aya 13 da 14. Bulus, wanda ya fi kowa rubutu, ya gaya wa Romawa a 1:11 cewa yana marmarin ganinsu. Ya gaya wa Tasalonikawa cewa ya yi ta ƙoƙarin zuwa wurinsu, Shaiɗan ne ya hana shi (1 Tasalonikawa 2:17-18). Ku lura da wanda Bulus ya ce yana hana masu bi ganin juna. Nisa da sarƙa ne suka sa manzanni rubutu. Ba a taɓa jin Bulus yana gari ɗaya da ikkilisiya ya ce bari ya aika musu takarda don ya fi sauƙi ba.

Ko wasiƙun ma, ta yaya suke isa? Mutum ne yake ɗauka da ƙafarsa. Bulus ya aiki Tikikus zuwa Kolosi domin ya ba su labari da bakinsa ya kuma ƙarfafa zukatansu, sa'an nan ya ce a karanta wasiƙar a gaban jama'a (Kolosiyawa 4:7-8, 16). Wato wasiƙar manzo tara mutane take yi a ɗaki ɗaya. Tamu kuwa kowa yana karanta ta shi kaɗai a kan katifarsa.

Bangaskiyarmu gaba ɗaya a kan wannan take tsaye. Allah ya ba da Doka a rubuce a kan allunan dutse. Ya aiko annabawa da saƙo. Amma da lokaci ya cika, Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu (Yohanna 1:14). Ya taɓa kuturu da hannunsa. Ya ci abinci da masu karɓar haraji har aka zarge shi. Almajirai biyu na hanyar Imuwasu sun ji bayanin Nassi daga bakin Yesu kansa tsawon tafiya, zuciyarsu ta yi zafi, amma ba su gane shi ba sai da suka zauna cin abinci ya gutsuttsura gurasa. Abin da ya bar mana mu riƙa tunawa da shi tebur ne, Jibin Ubangiji, kuma har yau ba a sami hanyar aika gurasa da ƙoƙo ta waya ba. Begenmu na ƙarshe ma, in ji 1 Korintiyawa 13:12, shi ne gani fuska da fuska.

"Ai wasa ne kawai"

Wani zai ce mun ɗauki ƙaramin abu mun mai da shi wa'azi. Amma hali a wurin wasa ake koyonsa. Marubucin Ibraniyawa, da ya gargaɗi masu bi kada su bar taruwa, ya ce wasu sun riga sun mai da hakan al'ada. Al'ada ba ta farawa da babban abu. Mu duba tsakaninmu da Allah: waɗanda suka saba cewa wasa a waya daidai yake da wasa a tebur, ba su ne suka fara cewa za su bi sujada ta Facebook ba, alhali majami'a tana bayan gidansu?

Ƙasashen da wannan wasa ya fito sun fi mu intanet nesa ba kusa ba. Duk da haka a 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, a 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba a ƙasarsu. Abin da suke nema da kuɗi da ma'aikata, mu mun gaje shi kyauta: gaisuwa, ziyara, cin tuwo a kwano ɗaya. Wauta ce mu sayar da shi don mu huta da tafiyar minti goma sha biyar.

Dietrich Bonhoeffer, fasto a Jamus a zamanin Hitler, ya koyar da matasa masu shirin aikin fasto a Finkenwalde har 'yan sandan asiri suka rufe makarantar a 1937. Bayan an watsa su ne ya rubuta ɗan littafinsa a kan zaman masu bi tare, wanda ya fito a 1939. Abin da ya nuna a ciki shi ne masu samun taruwa kullum suna mantawa cewa kyauta ce da ake iya ɗaukewa, ɗan kurkuku da marar lafiya da wanda aka kora su ne suka san darajarta. Ba sai mun je Jamus ba. A Oktoba 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi kusa da Mubi, 'yan'uwanmu suka watsu, wasu zuwa Yola, wasu Jos, wasu Kamaru. Ku tambayi wanda ya bi ta wannan hanya abin da zai bayar a lokacin don ya sake zama a benci ɗaya da mutanen garinsu. Mu da ba wanda ya kore mu, mun kori kanmu.

Abin da muka yanke

Daga wata mai zuwa, wasan zai kasance Asabar ta biyu da ta huɗu, daga ƙarfe 3 zuwa 5:30 na yamma, a ɗakin makarantar Lahadi. Za a buɗe da addu'a da gajeren karatu. Wayoyi za su shiga kwando ɗaya a bakin ƙofa har a tashi. Kowane tebur ba zai wuce mutum shida ba, idan an yi yawa a buɗe na biyu. Za a ajiye ƙaramin asusu don kuɗin keke, a hannun ma'aji, kuma ba za a kira sunan wanda ya karɓa ba. Mai gyaɗa ya kawo gyaɗa, mai zoɓo ya kawo zoɓo, wanda ba shi da komai ya kawo kansa. Iyaye da dattawa, kujera tana jiranku.

Doka ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci. Duk wanda kujerarsa ta zauna ba kowa sau biyu a jere, mutum biyu daga teburinsa za su je gidansa a cikin makon. Ba za a aika saƙo a ce an yi ba. Za a je a ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗan'uwanmu mai gadin nan ya warke, yana neman aiki, kuma shi ne ya roƙa a ba shi jagorancin tebur na farko. Ku zo ku ga ko ya mai da jikinsa.

Addu'a

Ya Uba, mun gode maka da ba ka tsaya ga aiko mana da saƙo ba, ka aiko da Ɗanka cikin jiki ya zauna tare da mu. Ka gafarta mana inda muka bar ɗan'uwanmu yana shan wahala kusa da mu ba mu sani ba. Ka ba mu ƙafafu masu zuwa gaisuwa da idanu masu lura. Ka kiyaye 'yan'uwanmu da suke nesa, ka ba su zumunta a inda suke, ka kuma dawo mana da su lafiya. Ka tsarkake wasanmu da dariyarmu su zama abin ɗaukaka sunanka. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.